An kori 'yata daga fili saboda layin da ta ja a ƙasa

Baban Hanifa:
Assalamu alaikum jama'a. Yau ba cigiya na kawo ba, ba kuma sanarwar suna ba, ƙorafi ne. Tun da rana raina a ɓace yake. Mutanenmu na nan Kolombos a jihar Ohayo ta Amurka sun san Hanifa tana buga sofbol, wasan da ake jefo ƙwallo a buge ta da kulki a zagaya tashoshi, a rukunin 'yan shekara 14. Ɗazu a zagaye na biyar ana cin mu da ɗaya, yaranmu biyu suna kan tasha, ta shiga bugu. Jifan ƙarshe, wallahi ni da nake bayan wayar shingen fili na ga ƙwallon nan ta bi can waje, ko da taɓarya ba za ta kamo ta ba. Alƙalin wasan ya ɗaga hannu ya ce sitiraik na uku. Yarinya ba ta ce uffan ba. Kan kulkinta kawai ta sa ta ja layi a ƙasa inda ƙwallon ta bi. Kafin ta ɗago ya tuɓe marufin fuskarsa ya nuna mata waje. Ba gargaɗi, ba komai. Kuma a wannan gasar wanda aka kora ba ya buga wasa na gaba, ga shi mun yi tafiyar awa biyu mun kama otal. Waɗanda suka san wasan ku gaya min, haka ake yi, ko don ya ga hijabi ne a ƙarƙashin hular kwano?

Ɗan Fagge:
Wa alaikumus salam. Allah ya huci zuciyarka Yaya. Amma a tausaya mana mu na Kano da bal kaɗai muka sani. Wane irin sitiraik kuma, yajin aiki ake yi a filin?

Maman Zara:
Ɗan Fagge ba ka rabo da abin dariya. Ka ga, mai jifa tana jefo ƙwallo ta ƙasan hannu, mai bugu tana tsaye da kulki kusa da wani farantin roba da ke ƙasa. A saman farantin akwai wata taga da ido ba ya gani, daga hammata zuwa saman gwiwa. Ƙwallon da ta ratsa tagar ba a buga ba, sitiraik ce, uku ka fita. Wadda ta kauce kuma ba ka kai mata duka ba, bol ce, huɗu ka tafi tashar farko a kyauta. Alƙalin da ke tsugune bayan mai cafka shi ke faɗa. To kusan duk rigimar wasan a kan tagar nan take.

Ɗan Fagge:
Wato taga ce da babu kafinta, kowa da inda yake ganin ta. Na gane.

Kawu Alƙali:
Baban Hanifa, sannu da haƙuri. Shekarata 11 ina tsugunawa bayan faranti a nan Hiyuston, daga wasan yara har na manya. Kafin in ce komai, tambaya ɗaya gare ni. Kafin zagaye na biyar ɗin, akwai lokacin da alƙalin ya tsai da wasa, ya tuɓe marufi, ya juya wajen rumfarku ya yi magana, sannan ya rubuta wani abu a ɗan katinsa?

Baban Hanifa:
Ni dai ban gani ba Kawu. Amma na ɗan fita mota na yi azahar a zagaye na biyu. Bari in tambayi mai ɗakina.

Baban Hanifa:
Ta ce an yi haka. Wai kocinmu ne yake ta faɗin "ina wannan ta bi kuma?" daga rumfa, sai alƙalin ya ɗaga masa hannu ya ce ya isa, wannan gargaɗi ne.

Kawu Alƙali:
To ga inda gizo ke saƙa. A littafin dokar USA Softball, hukumar sofbol ta Amurka, jayayya a kan bol da sitiraik gargaɗi ɗaya ake yi mata, kuma gargaɗin na ƙungiya ne gaba ɗaya, ba na wanda ya yi maganar ba. Duk wanda ya sake bayan nan, koci ne ko ɗan wasa ko na benci, shi ake kora. Kocinku ya cinye muku gargaɗin tun kana alwala. Hanifa a kan ragowar ta faɗo.

Na biyu kuma, ko da ba a yi gargaɗin ba, jan layi a ƙasa wani abu ne daban. A wajenka shiru ta yi. A wajen alƙali kuwa ta yi maganar da ta fi ihu, don na can bayan fili ma ya gan ta. Wanda ya yi gunaguni kansa a sunkuye, tsakaninsa da ni ne, ina iya yi kamar ban ji ba. Wanda ya zana min taswirar kuskurena a gaban iyaye da yara, ya hana ni damar yin kunnen uwar shegu. Ka san Ichiro Suzuki, ɗan wasan besbol ɗin nan (yayan sofbol ke nan), mutumin da duk Amurka da Japan suka shaida da kunya da kamun kai? A watan Satumbar 2009, a wasan Siyatil da Toronto, ya ja irin wannan layin da kulkinsa, nan take aka sallame shi. Ita ce korarsa ta farko tunda ya fara sana'ar. Ba a duba sunansa ba.

Anti Lauya:
Kawu, Allah ya ƙara girma, amma ban gamsu ba. Ichiro babban mutum ne da ake biyan sa miliyoyi, ya san abin da yake yi. Nan yarinya ce 'yar shekara 14. Kuma wace irin shari'a ce babba ya yi laifi a ja masa kunne, ƙarama ta yi a yanke mata hukunci? Ita an gaya mata cewa gargaɗin kocinta ya hau kanta? In doka ta ba ka wuƙa ba dole ne ka yanka ba.

Maganar hijabi kuma kada a share ta kamar Baban Hanifa mafarki yake yi. A nan Ohayo ne a 2019 aka soke sakamakon gudun wata ɗaliba saboda ta sa hijabi ba tare da takardar izini ba, sai da aka kai ga yin doka a jihar a 2022 don kada a maimaita. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma dole ya yi tsalle.

Kawu Alƙali:
Hajiya, ban ce babu masu mugun nufi ba, ni da wannan fatar da wannan harshen nake shiga filayen Teksas. Amma ga yadda ake gane su. A duba jifan da ya bi wannan gefen lokacin da yaran ɗaya ƙungiyar ke bugu. In su ma sitiraik ya kira musu, to tagarsa ce mai faɗi, ba zuciyarsa ba. Baban Hanifa, mai jifanku ta samu irin wannan kiran ko ba ta samu ba?

Baban Hanifa:
Gaskiya ta samu, sau biyu ma, har muka yi tafi. Amma nata bai kai wannan fita waje ba.

Maman Zara:
Baban Hanifa ke nan. Namu in ya bi waje gwaninta ce, nasu in ya bi waje zalunci ne. Kada ka damu, duk haka muke a bayan wayar nan.

Malamin Lissafi:
Bari in sa baki da abin da na iya. Faɗin farantin inci 17 ne. Kewayen ƙwallon inci 12, wato kaurinta ya kusa inci huɗu. Doka ba ta ce sai ƙwallon duka ta hau faranti ba, ko gefenta ya shafi gefen tagar ya wadatar. Ka ƙara kusan inci huɗu dama, huɗu hagu, faɗin da mai jifa ke wasa a ciki ya kusa inci 25. Shi ya sa ƙwallon da cibiyarta take wajen faranti ƙarara tana iya zama sitiraik ta halal. Kuma inda mai cafka ta kama ta ba nan ne ma'auni ba, inda ta ratsa ne. Jifa mai lanƙwasa yana iya lasar kusurwar gaba sannan ya fice, a kama shi can nesa. Mai kallo kamun yake gani.

Ga sauri. Tsakanin mai jifa da faranti ƙafa 43 ne, kuma da tsalle take sako ƙwallon, ta ci wani abu daga ciki. A matakin jami'a, Karlyn Pickens ta Tenesi ta yi jifan mil 79.4 a awa a 2025. Yara ba sa kai wannan, amma ko mil 55 ne, rabin daƙiƙa ne ƙwallon ta iso. Sannan Yaya, a ina kake zaune?

Baban Hanifa:
Ɓangaren tashar farko, kusa da rumfarmu.

Malamin Lissafi:
To daga gefe tsayi ake gani, ko ta yi sama ko ta yi ƙasa. Ciki da waje ba a ganin sa daga nan, sai wanda ke bayan faranti. Ban ce alƙalin ya yi daidai ba fa. Cewa na yi kujerarka ba ta shaida.

Anti Lauya:
Duk na ji lissafin. Ni ba a kan ƙwallon nake ba, a kan korar nake. Kawu, tsakaninka da Allah, da kai ne za ka kore ta?

Kawu Alƙali:
Kin kama ni. Bari in faɗi yadda ake koya mana, sannan in ba ki amsa. Mataki huɗu ne: ka yi kamar ba ka ji ba, ka nuna ka ji, ka yi gargaɗi, ka kora. Yawancin wasa a na farko da na biyu yake ƙarewa. Yarinya ta yi tsaki tana komawa rumfa, ba na bin ta da ido ma, mai tafiya a bar shi ya tafi. Koci ya fara waƙa daga rumfa, in kalle shi sau ɗaya, in ya ci gaba in ɗaga tafin hannu. Abin da ba na ɗauka uku ne: zagi, maganar da ta koma kaina, da wadda ta ƙi ƙarewa. "Wannan kiran bai yi ba" ina iya haɗiye shi. "Kai ba ka iya ba" ko "an saye ka" kuwa, ya tafi. Kalmar "kai" ɗin nan ta kori mutane fiye da ashar.

Kuma akwai ɗan burushin da muke share faranti da shi. Rabin amfaninsa ba shara ba ne. In mai cafka ta fara riƙe ƙwallo tana daskarewa don nuna wa jama'a na yi kuskure, sai in zagayo gabanta in sunkuya ina share farantin da ba shi da datti, bayana ga mai jifa, in ce mata a hankali, 'yata, mai da ƙwallon, kuma je ki gaya wa mai jifanki ta daina zare min ido. Babu wanda ya ji, babu wanda ya ji kunya. Mai cafka mai wayo ita ma haka take min, ba ta juyowa, fuskarta na gaba take tambaya, wannan ƙasa ta yi ko waje? In gaya mata. Mai bugu ma tana iya tambaya tana gyara ƙasa da takalmi, nan ne iyakar tagarka? In ce e, ko in ce saura kaɗan. Tambaya ba ta taɓa korar kowa ba a hannuna.

Amsarki: a wasan manya, ko 'yan 18, layi kora ne, ba na tunani. A 'yan 14, in ba a yi gargaɗi ba, zan tako in goge layin da ƙafata, in kira koci in ce ɗauke ta ka yi mata bayani, na gaba ba zan yi magana ba. Amma bayan na riga na tsai da wasa na ce gargaɗi ne a gaban kowa? Hajiya, zan kore ta, ina jin zafin abin. In ban yi ba, ɗaya kocin zai fito ya tambaye ni gargaɗin nawa na ado ne, kuma yana da gaskiya. Shi ya sa alƙalin kirki ba ya saurin furta kalmar gargaɗi, don in ta fita ta ɗaure shi kafin ta ɗaure kowa.

Anti Lauya:
To ashe ka yarda cewa matsalar daga saurin gargaɗin take iya farawa.

Kawu Alƙali:
Tana iya farawa daga nan, tana iya farawa daga bakin koci. Ban ji sau nawa ya yi waƙar ba. Amma abu ɗaya na tabbata, kocin da aka yi wa gargaɗi aikinsa ne ya juya ya gaya wa yaransa cewa daga yanzu ko tari a yi a hankali. In bai faɗa ba, shi ya tura ta rami.

Sarkin Benci:
Ni wasan tsofaffi nake bugawa a Miniyafolis, na jifan lilo, daren Laraba bayan aiki. Mu an shimfiɗa mana wata 'yar tabarmar roba a bayan faranti, ƙwallon da ta faɗo kanta sitiraik ce, shi ke nan. Aka ce rigima ta ƙare. Ina! Sai ta koma sama. Dole jifan ya lanƙwasa sama kamar baka, kada ya gaza ƙafa 6 daga ƙasa, kada ya wuce 10. Yanzu mutum mai jikoki, da tumbinsa, zai tsaya yana rantsuwa cewa jifan ya kai ƙafa 12. Wa ya zo da tsani? Kuma mu in aka kori mutum ba mu da canji, an cinye mu ke nan, don gurbin wanda aka kora ba a barin sa fanko. Saboda haka mu da kanmu muke toshe bakin mai surutu kafin alƙali ya juyo.

Ɗan Fagge:
Mu nan alƙali ake toshewa, wani lokacin har da rakiyar 'yan sanda. Amma don Allah duk kuɗin Amurka ba za a sa na'ura ba? Ko bal ma an sa mata VAR.

Ɗalibin Seul:
An sa a wasu wurare Yaya. Nan Koriya ta Kudu babbar gasar besbol tun 2024 na'ura ce ke yanke bol da sitiraik, alƙali abin kunne kawai yake sawa ya faɗi abin da ta ce. Ka san me ya faru? A kakar farko an kori ɗan wasa da ya yi jifa da hular kwanonsa saboda fushi da hukuncin na'urar. Ita kuwa MLB, babbar gasar besbol ta Amurka, wata hanya ta zaɓa daga kakar 2026: mutum ne ke kira, amma kowace ƙungiya tana da damar ƙalubale biyu. Mai jifa ko mai cafka ko mai bugu ne kaɗai ke da iko, ya dafa kansa nan take, kyamarorin Hawk-Eye su nuna. In ya yi daidai damarsa na nan, in ya faɗi ta tafi. Ni wannan ya fi burge ni, don an ba mai fushi abin da zai yi da hannunsa maimakon bakinsa.

Maman Zara:
Wannan na masu kuɗi ne ƙanena. Filin da Zara ke wasa ko allon ƙidayar ci ba ya aiki, wata uwa ce ke rubutawa a littafi. Mutum ɗaya ake turo mana, wani lokaci biyu, ya yi wasa huɗu ko biyar a jere cikin rana da sulke a ƙirji. Ni na daina yi musu ihu tun ranar da aka soke mana wasa don ba a samu alƙali ba.

Kawu Alƙali:
Allah ya yi miki albarka. Mutane suna barin aikin. A 2022 a Misisifi wata uwa da aka fitar daga kallon wasan 'yan shekara 12 ta jira alƙaliya bayan wasa ta naushe ta a ido. Hoton da 'yan sanda suka ɗauke ta, rigar jikinta an rubuta gwarzuwar uwa ta shekara. Sabbin da muke horarwa, da yawa ba sa kai shekara ta uku. Waɗanda suka rage kuma wasu fatarsu ta yi siriri, abu kaɗan su harba. Ban kare su ba. Akwai alƙalin da ke shiga fili da kunnen zomo, yana neman wanda zai yi magana. Akwai mai bin yaro har rumfa da baƙar magana. Mafi muni shi ne mai ramuwa, wanda in ka yi masa gardama zai faɗaɗa maka taga a jifa na gaba. Wannan a wajena ya fi ɗan wasa mai zagi laifi, don shi amana aka ba shi.

Abin dariya, asalin jan layi ma namu ne. Bill Klem, wanda ya yi alƙalancin besbol daga 1905 zuwa 1941, in mai gardama ya taso masa, layi yake ja a ƙasa da takalminsa. Ka tsallaka, ka tafi gida.

Ɗan Fagge:
Wato Hanifa sunnar alƙalai ta raya, matsayin ne bai kai ba.

Baban Hanifa:
Kai Ɗan Fagge Allah ya shirye ka, ka sa na yi dariya ban shirya ba. To Kawu yanzu ina da inda zan kai ƙara?

Kawu Alƙali:
A kan kiran kansa, babu. Ana ɗaukaka ƙara ne in alƙali ya fassara doka ba daidai ba, kuma koci ne ke yi a fili kafin jifa na gaba. Abin da ido ya yanke, bol ko sitiraik, ba a ɗaukaka shi. Amma kowace gasa tana da shugaban alƙalai, kuma alƙalin zai rubuta masa rahoton korar. In kana ganin an yi wa yarinya rashin mutunci, ko ya faɗi wata kalma a kan shigarta, rubuta masa, gajere, da lokaci da abin da aka faɗa. Kada ka tare mutumin a wajen ajiye motoci, ko da sallama ce za ka yi masa. Hanifa ta ce ya faɗa mata wani abu?

Baban Hanifa:
Na tambaye ta yanzu. Ta ce lambar rigarta kawai ya faɗa, ya ce ta fita. Kuma wai layin a bidiyon wani ɗan besbol ta gani, ta ɗauka abin burgewa ne. Ta ce koci bai gaya musu komai ba bayan gargaɗin, ya koma ya zauna kan bokitinsa yana cin 'ya'yan sanfulawa.

Anti Lauya:
To na janye rabin ƙarata. Ɗaya rabin yana nan: dokar da ke sa yaro ya biya bashin bakin babba, a rukunin yara, tana buƙatar gyara. A kori kocin mana.

Kawu Alƙali:
Wannan rabin ni ma zan sa hannu, in kin rubuta.

Baban Hanifa:
Na gode jama'a, Allah ya bar zumunci. Gobe da safe za ta zauna a benci ta riƙe littafin ƙidaya, wasan rana kuma ta shiga in mun kai. Ni dai har yanzu ina nan a kan bakana, ƙwallon nan waje ta bi. Amma kocin zan zauna da shi ranar Talata bayan atisaye.

Kawu Alƙali:
Ka tafi da Maman Hanifa. Ita ce ta ga zagaye na biyu.